Kwamfutar da Ke Tashi Sabuwa

Daren Laraba, Mararaba

Yau dai kwamfutar da na gina a cikin kwamfutar ofis ta yi aiki. Ba ta da jiki, kwaikwayon wata na'ura kawai take yi, ta harhaɗa manhajarmu da kanta duk lokacin da aka turo gyara. Kwana uku tana ba ni kunya. Ashe laifina ne: da hannu nake zuba mata kayan aiki, na manta ana goge ta bayan kowane aiki, ta tashi sabuwa fil.

Oga Bitrus ya ce, "Rahila, in ta ƙi zuwa Juma'a, ki koma yi da hannu."

Sai na rubuta mata komai daki-daki, ta riƙa karantawa duk farkawa. Motarmu na tsaye a cunkoson Nyanya, a hanyar komawa gida, koriyar alamar nasara ta fito a wayata.

Tun daga nan nake tunanin Kaka. Ita ma, da mantuwar tsufa, kullum sabuwa take tashi, ta tambaye ni 'yar wace ce, ni kuwa in yi tsaki. Na'ura na yi wa haƙurin kwana uku. Gobe zan zauna gefen tabarmarta in faɗa mata ko ni wace ce, daga farko.