Lambobin da Na Bari Aka Goge

Ɗana Aminu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya jikin Maryam? Yaya mutanen Kano? Mu nan ƙetare, unguwar Hayyin Ashir, lafiya lau, sai dai hankalina a tashe yake.

Intanet ɗin gidan nan ce ta ishe ni da nawa. Malami na cikin karatu a kwamfuta sai hotonsa ya daskare, baki buɗe. Na yi wa maƙwabcinmu Usman, mutumin Sudan, ƙorafi. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, ya Hajj, DNS za mu canza." Wai shi ne ɗan jagoran da na'ura ke tambaya hanya, kuma sabon ya fi sauri, ba ya gulmar inda mutum ya je. Na ce bismilla. Ya goge lambobin da ka sa, ya zuba nasa.

Sauri kam an samu. Amma shekaranjiya ina neman tafsiri, wani hoto ya faɗo mini wanda ba zan iya rubuta maka ba. Ashe jagoran da ka sa shi ke tare ƙazanta, kuma Usman bai ajiye lambobin ba.

Aminu, da kwamfutar nan 'ya'yanka suke hadda. Kwana huɗu ƙofa a buɗe, ban sani ba. Me suka gani? Na kasa tambaya. Jiya 'yarka Hafsa ko kallona ba ta yi ba wajen cin abinci.

Don Allah ka turo lambobin nan. Kafin su iso na zare igiyar na'urar, tana aljihuna, har masallaci da ita nake zuwa.

Ka gai da gwaggonka da su Malam Sani. Ku sa yaran nan a addu'a, Allah ya sa tsorona ne kawai.

Mahaifinka