Inna ta ce ɗanta bai mutu ba, kuma jibi ne suna

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema, kaina ya kulle.

Ni mutumin Gidan Rumji ne, hatsi nake saye da sayarwa a kasuwa. Ƙanena Iliya soja ne, yana cikin waɗanda suka rasu a harin da aka kai wa barikinsu can yamma wajen iyaka. Ba a kawo mana gawa ba, can aka rufe su. Abokin aikinsa da ya tsira ya kira ni yana kuka, ya ce da hannunsa ya sa Iliya a kabari. Iliya ya bar matarsa Rabi da ƙaramin ciki.

Da farko Inna, mahaifiyarmu, ta yi haƙuri, ta zauna karɓar gaisuwa. Sai Kawu, ƙanenta, ya zo mata da wani odiyo a waya, wani mutum da ba a san ko waye ba yana rantsuwa wai harin shiri ne, wai manya ne suka sayar da sojojin, suna nan da rai an ɓoye su cikin hamada. Wai ta yaya masu babura za su ci bariki mai manyan bindigogi, kuma in sun mutu ina gawa, me ya sa ba a nuna ba. Tun ranar Inna ta naɗe tabarmar gaisuwa, ta hana a yi sadakar arba'in.

Ni kuma ba ni da haƙurin irin wannan zance. Na tare Kawu a majalisa na ce to mu bi abin a hankali. In suna raye, wa ke dafa musu abinci, wa ke kai musu ruwa, wa ke gadinsu, duk cikin mutanen nan babu mai mata ko aboki da zai tsegunta wa? A ƙasar nan da ko akuya ka saya a Gidan Sori kafin ka iso gida an san kuɗinta? Ya ce ai an toshe musu baki. Na ce abokin aikin Iliya da ya binne shi fa, ya ce shi ma an saye shi. Na ce to wace shaida ce za ta gamsar da kai, ya ce duk wadda za a kawo ƙirƙira ce. Wallahi raina ya ɓaci, na gaya masa maganar da ba a gaya wa kawu.

Da na je wa Inna da waɗannan hujjoji, ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Kai dai so kake ya mutu, tunda kullum kai ka kawo mini dalilin mutuwa tai." Maganar nan har yau tana cina. Ni da na goya shi, ni na kai shi lakol, wato makaranta, a keke. Yanzu in na gaishe ta da kai take amsawa. Da aka yi girbi ma ta ware damman geronsa daban, ta ce kar wanda ya taɓa.

Kuma in faɗi gaskiya, ni ma da nake ta musu, wani lokaci nakan kunna odiyon ni kaɗai a rumfa, ina jin da ma a ce mutumin nan gaskiya yake faɗi. Wata tambayar tasa ma ba ni da amsarta, ban san yadda aka yi bariki ya faɗi ba. Amma na san ƙanena ba ya raye.

To yanzu Rabi ta sauka, namiji, jibi suna. Ta aiko mini tana kuka, ta ce ta yi takabarta ita kaɗai a ɗaki ba mai ce mata sannu, abu ɗaya take roƙo, a mayar wa yaron sunan ubansa. Inna kuma ta ce ba a mayar da sunan mai rai, duk wanda ya kira jaririn nan Iliya ya binne mata ɗa da ransa, kuma ba za ta yafe ba. Iyayen Rabi sun ce in aka hana, za su tafi da 'yarsu da jaririn, tunda gidanmu ko mutuwar mijinta ba a yarda da ita ba.

Ni ne wan uba, ni liman zai tambaya. In na bi Inna na rasa ɗan ƙanena, kuma na nuna wa Rabi kukanta na banza ne. In na bi Rabi, ina tsoron abin da zai sami tsohuwar nan, don wannan odiyon ne kawai ke sa ta ci abinci.

Don Allah ku ba ni shawara, musamman wanda ya taɓa rasa nasa ba tare da ya ga gawa ba. In liman ya juyo ya ce mini wane suna, me zan ce?