Ni Aka Ce In Buɗe Littafi?

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta dawo daga makaranta da kwalba, ciki tsutsa da ganyen lemo, ga takarda daga Malamarsu. A sama da manyan baƙaƙe: MALAM BUƊE LITTAFI. Nan na ci birki. Ni za a ce wa in buɗe littafi? Don an ji a aji huɗu na ajiye biro na ɗauki almakashi? Har na sa hula zan je jin ba'asi, uwar Auta ta karɓi takardar, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. "Maigida, ƙwaron nan ake nufi, mai fukafukai." To ai na sani. Gwada ta nake yi.

Zancen dai shi ne, yara za su reni tsutsa har ta zama malam-buɗe-littafi. Ranar 20 iyaye su zo, kowa ya karanta wa aji shafi ɗaya daga ɗan littafin da aka haɗo mana.

Talata, 4 ga Maris

"Baba, ko Mama ta je?" in ji Auta, idonta a ƙasa. Ba ta manta bara ba, da na karanta sakamakonta a gaban ƙawayenta. An rubuta tana da ƙwazo, na ce tana da ƙwaro. Har yau Mai Ƙwaro suke ce mata.

Ni zan je. Littafin kuma ba zan buɗe ba, da ka zan yi. Tela ne ni, fukafukai zan ɗinka musu. Duk wanda ya fi ni ya zo ya zura zare a allura.

Asabar, 8 ga Maris

Tsutsar nan ci take kamar baƙon da ba shi da ranar tafiya. Kullum ina ƙofar maƙwabcinmu Mai Kemis roƙon ganye, 'yarsa ajinsu ɗaya da Auta. Yau ya gyara tabarau ya ce, "Malam Tela, ka san matakai huɗu take bi?" Na ce ni matakan bene na sani, su ma da haki.

Litinin, 10 ga Maris

Ta mutu. Ta daina ci, ta manne jikin tsinke, ta bushe kamar tsohon ganye. Na ɓalle ta na jefa a kwandon shara kafin Auta ta dawo. Na duba bishiyar Mai Kemis reshe-reshe ko zan samu wata, babu.

Na ce wa Auta guduwa ta yi. Ta kalli murfin kwalba, ta kalle ni. "Baba, ba kwanso ta shiga ba? Yana shafi na shida." Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi.

Talata, 11 ga Maris

A shago, da hantsi, na saki labule. Ba buɗe littafi na yi ba, leƙawa na yi. Da yatsa, baƙi-baƙi, ina gumi kamar mai satar kaza. Layi na uku: "Tsutsa ba ta mutu ba, tana ciki tana canja kaya."

Ban san na iya gudu haka ba. Allah Ya sa mai kwasar shara bai zo ba. Na juye kwandon a tsakar gida, uwar Auta na salati, na same ta a cikin ɓawon albasa. A hoton littafin akwai wani ɗan zare da ke riƙe ta a tsinke, ni ne na tsinke shi jiya. Na ɗaura mata wani, fari, mai laushi. Wannan kam ba Mai Kemis ne zai koya mini ba.

Na gaya wa Auta gaskiya. Ta ce, "Ai na sani."

Lahadi, 16 ga Maris

Fukafukai talatin daga ragowar ƙyallaye. Malama ta aiko cewa dama da hagu su zo iri ɗaya. Hannun riga nawa na ɗinka a duniya?

Alhamis, 20 ga Maris

Mai Kemis ya karanta nasa kamar mai labarai a rediyo. Na tashi, wata yarinya ta raɗa, "Baban Mai Ƙwaro." Na ce, "Ƙwarai kuwa. Ke ma ga naki can a kwalba." Aji ya kwashe da dariya, har Malama.

Na karanta shafi na shida. Sau biyu na yi tuntuɓe, na koma baya na sake. Sannan na ba su labarin wani wawa da ya zubar da mai rai a shara don ya ƙi duba littafi. Suka ce wane ne? Na ce maƙwabci ne. Mai Kemis ya yi tari.

Yara suka ɗaura fukafukai suna zagaya tebura. Malam-buɗe-littafin yara biyar sun fito, namu shiru. A ƙofar makaranta Auta ta riƙe hannuna a gaban kowa, ba ta saki ba har gida.

Asabar, 22 ga Maris

Namu ya fito da safe, a yamutse kamar rigar da ba a goge ba. Can ya miƙe, baƙi da ɗigon rawaya. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe. Na ce, "Malam, na ji, ya isa." Auta ta ɗaga murfi ya tafi abinsa.

Littafin na cikin aljihun keken ɗinki. Ina shafi na tara. Hotuna kawai nake dubawa, saboda aiki.