Jan Barkono a Saman Soro

Isa, ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi, ko ma wace ƙasa ce ta karɓe ka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Kana da rai ma ba ka amsa wasiƙa, balle yanzu.

Labarin farko, lekol ɗinku ta mutu. Makarantar nan da aka buɗe a gaggauce ana tsakiyar yaƙi, aka kwaso ku daga aji aka ce za a koya muku tuƙin jirgi. Kwanaki na bi ta bayan filin jirginku zan kai wa wata mata atamfa. Rumfunan kwanon da kuke kwana, awaki ne a ciki. Fiffiken wani ƙaramin jirgi, wataƙila ma wanda ka koya da shi, mai shayi ya jingine shi yana shan inuwa. Na zauna na sha shayinsa.

Ka tuna abin da malaminku ya fara koya muku? Kowa ya riƙe wata alama a ƙasa don kada ya ɓata. Abokanka suka riƙe kogin Shari, wasu gada. Kai ka riƙe barkonon da Inna ke shanyawa a saman soronmu na unguwar Ridina. Ka ce daga sama duk gidaje laka ce iri ɗaya, sai namu mai ɗigon ja. Ranar da aka bar ka ka tashi kai kaɗai, ka zo ka karkata fiffike a kanmu, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka zaci haihuwa aka yi.

Sai aka tura ku arewa ba ku gama koyo ba. Ba gawa, ba kabari, sai wani soja da ya tsaya a ƙofar gida yana murza hularsa.

Inna ba ta daina shanya ba. An yi maka sallah, an yi sadaka, ta karɓi gaisuwa, gari ya waye ta hau tsani. Na yi mata dariya, na yi mata faɗa, shekara da shekaru. Ta rasu bayan ƙaramar sallah. Ina jin kun riga kun gaisa.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Tun da gwiwarta ta gaza, ni ke hawa. Ina ce wa mutanen gida na sayarwa ne. Ni mai atamfa, yaushe na taɓa sayar da barkono?

Yanzu Yaya Abakar da sauran magada sun ce a sayar da gidan. Wani ɗan kasuwa zai rushe shi ya jera shaguna. Na yi masa duk dabarar kasuwa da na sani. Na ce masa akwai aljanu a soron, na ce wani ya riga shi tayi, na yi ciwon ƙarya. Ya fi ni haƙuri. Kuma 'ya'yan Yaya sun girma, a zaure suke kwana, ba su yi laifin komai ba. Jiya na yarda.

Unguwar Gudji za mu koma. Rufin can kwano ne mai gangara, ko ƙwaya ɗaya ba ta zama a kai. Na je na gwada.

Na san ba ka sama, Isa. Na yi makaranta, kuma ba a yi mini wayo a kasuwa. To me ya sa duk jirgin da ya wuce sai na saki almakashi na ɗaga kai? In ka zo ka ga babu ja, wa zai gaya maka ba mantawa muka yi ba?

Ran Jumma'a zan yi hawan ƙarshe. Na sayo wanda ya fi ja a kasuwa, ban ko taya ba, har mai barkonon ta tambaye ni ko lafiya. In ana ba da izini a inda kake, ka biyo kogi, ka yi ƙasa-ƙasa. Ba sai ka sauka ba. Ka karkata fiffike kawai.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haɗa ka da Inna.

Yayarka mai jira a saman soro,
Hawwa