Ƙofar da Na Toshe wa Manaja

Litinin, 3 ga Maris

Yau Manaja ta mayar musu da makullin ofis. Shekara goma sha takwas a kamfanin inshora, har ta kai matsayin da ake miƙe mata in ta shigo, ta tattara ta ajiye a kan tebur ta fito. Wai gyaran kujeru za ta koma. 'Yata tilo, wadda na yi wa makaranta da bugun tafireta har yatsuna suka kanannaɗe.

Shekararta arba'in da uku. Ga ciki wata shida, na fari, bayan mun roƙa har mun gaji mun yi shiru. Ga ginin gida ba a gama ba. An ce taura biyu ba ta taunuwa, ita uku ta cusa a baki.

Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Umma, in ban yi yanzu ba sai yaushe? Sai na kai sittin?" Na ce ni na wuce sittin, tebur ɗaya na zauna shekara talatin, kuma ban mutu ba. Ta dube ni ta ce, "Na sani." Yadda ta faɗe shi ne bai yi mini ba.

Manaja zan ci gaba da kiranta, ko da gatse ne.

Alhamis, 6 ga Maris

Mijinta ya zo gaishe ni. Malamin makaranta ne, mutumin kirki, sai dai ba ƙashi a bayansa. Na ce matarka ta saki reshe ta kama ganye kana kallo? Ya ce, "Mama, sai a hankali." Ko gobara ce ta kama rigarsa haka zai ce. Shi ya sa a raina ba ni da sunan da nake kiransa da shi sai Sai-a-hankali.

Asabar, 15 ga Maris

Sun kai ni ganin ginin. Ɗaki uku, falo, kicin mai taga biyu. An yi rufi, saura filasta da fenti da ƙofofi. Ba laifi. Amma a gaban gidan akwai wani dogon ɗaki mai fuskantar titi, an bar masa wani wawakeken baki, taku huɗu na auna da ƙafata.

Ta tsaya a tsakiyarsa da cikinta, ta buɗe hannuwa. "Nan ne shagon, Umma. Kujera mai zaman mutum uku za ta shige ba sai an karkata ta ba." Ashe shekara biyu ke nan duk Asabar tana zuwa wurin wani tsoho mai gyaran kujeru tana koyo, ni kuma ana ce mini aiki ya yi mata yawa a ofis. Ta nuna mini tafin hannunta, duk kanta da tabon ƙusa, kamar abin alfahari.

Shekara arba'in ina gidan haya. Ƙusa ɗaya in na kafa a bango sai mai gida ya zo ya yi mini wa'azi. Da ni Allah ya ba wa gida irin wannan, ba zan tsaga masa fuska don tsofaffin kujerun mutane masu kuɗin cizo ba. Yaron da za a haifa, a cikin ƙurar soso da ƙarar guduma zai tashi?

Talata, 25 ga Maris

Jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura. Likita ya ce kwanciya har ta sauka. Na ce mata haihuwar girma ba wasa ba ce, jiki ba ya karɓar rainin hankali. Ta rufe ido ta bar ni na gama.

Sai ta miƙo mini makullin ginin. "Umma, ki riƙa leƙa mini ma'aikatan. Ke suna tsoronki." Tana dariya kuma ta ce tsohon shugabanta ya bugo, wai kujerarta na nan har ƙarshen Yuni in ta canza shawara. Dariya! An buɗe mata hanyar komawa tana dariya.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na yi abin da ya kamata uwa ta yi.

Na sami Birkila yana kwaɓa siminti, na ce a toshe bakin ɗakin gaba da bulo, a bar 'yar taga. Ya ajiye shebur. "Mama, ai Madam ƙofar ƙarfe mai ganye biyu ta ce, har an kai wa mai walda awo." Na ce an canza shawara. Ya ce ita ta faɗa? Na ce ni da na haife ta nake maka magana, takarda kake so in kawo? Ya sosa ƙeya ya ce, "A'a, wane ni. Uwa ai ta fi uwar ɗaki."

Ban ce ita ta faɗa ba. Ban kuma ce ba ita ba. Ƙarya dai ban yi ba.

In babu shago, za ta haihu, ta huta, ta tuna da ofis. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An yi filasta. Kamar ba a taɓa yin ƙofa a wurin ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Sai-a-hankali ya je ginin jiya ya gani. Ya zo mini ya zauna a bakin kujera, hula a hannu. "Mama, in ta ji wannan, jininta..." Na ce to kada ta ji. Ya ce zai sa a fasa in an yi hutun makaranta, kafin ta miƙe. Na ce ka fasa abin da surukarka ta gina, mu gani. Ya daɗe yana kallon takalminsa, ya yi sallama ya fita.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na kai mata 'ya'yan itace. Na same ta kwance, gado cike da ƙyallayen yadi, tana jera su kala-kala. Ta samu aikinta na farko: wani otal zai kawo kujeru goma sha biyu tsakiyar watan gobe, tsohon da ya koya mata zai fara a shagon kafin ta tashi. Fuskarta har sheƙi take. Rabon da in ga wannan fuskar tun tana 'yar makaranta.

Ta ce, "An sa ƙofar?" Na ce aiki na tafiya.

Na so in faɗa. Na buɗe baki, sai na ji na ce ta rage gishiri a abinci.

Litinin, 28 ga Afrilu

Motar otal ta zo yau, mako biyu kafin lokaci. Ina tsaye a kan masu fenti. Direban ya zagaya gidan sau biyu, ya buga mata waya a gabana: "Madam, ƙofar kujera dai ba mu gani ba, sai in ta taga ake shiga." Sun gwada ta ƙofar gida, lungun ya yi ƙunci, ko rabin kujera bai wuce ba.

Ba a yi awa ba sai ga ta a tasi, da silifas, ƙafa kamar turmi. Ta je ta dafa bangon. Ta ce, "Wa ya sa?" Masu fenti duk suka juyo suka kalle ni, munafukai.

Na fara yi mata bayani, cewa don ita da yaron na yi. Ta ɗaga hannu. "Ido na ce ki sa mini, Umma. Ido." Ta zare makullin daga hannuna. Ba ta yi kuka ba, gara ma a ce ta yi.

Direban otal ɗin ya ce ba za su bar kayansu a titi ba, suka juya da kujerunsu.

Talata, 29 ga Afrilu

An yi mata aiki da safe. Namiji, bai cika wata takwas ba, yana kwalba. A bakin ƙanwata na ji. Ƙanwata ta riga ni ji.

Asabar, 3 ga Mayu

Na je asibiti. Sai-a-hankali ya tare bakin ɗakin. "Mama, likita ya ce kada a ɓata mata rai." Na ce ni ce ɓacin ran? Ya sunkuyar da kai, amma bai matsa ba. Yau ya sami ƙashin baya, a kaina.

Wata nas ta kai ni na leƙa yaron ta gilashi. Bai fi tafin hannuna biyu ba, an liƙa masa roba a hanci. Ta ce, "Kaka, an gode Allah, da an ƙara awa ɗaya da labari ya sha bamban." Wa ya tambaye ta?

Hawan jini tun Maris take da shi. Likita ne ya faɗa, ba ni ba. Kuma ba ni na ce ta hau tasi ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ƙanwata ta zo ta wuni tana ci mini fuska da shayina a hannunta. "Yaya, ke ko aljanna aka sa ki sai kin ce an karkata shimfiɗa. Ki je ki ba ta haƙuri, baki ba ya tsagewa." Na ce a ina aka taɓa yin haka, uwa ta durƙusa wa 'yar da ta goya? Ta ce, "A inda uwa ta yi gini a gidan da ba nata ba."

'Ya'yan yanzu ba su san bambancin mai ƙaunarsu da mai yi musu daɗin baki ba. Ni ban taɓa yi wa kowa daɗin baki ba. Shi ya sa wayata ba ta ƙara.

Litinin, 2 ga Yuni

An sallami yaron, sun tare a sabon gidan ranar Asabar. Ba a gaya mini ba.

Na nemo Birkila a wani gini, na ce ya je ya fasa bulon nan. Ba don na yi kuskure ba, don a zauna lafiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mama, ni yanzu ko ƙusa ce sai na ji daga bakin Madam. Wankin babban bargon da ta yi mini a waya har yau ban bushe ba."

Asabar, 14 ga Yuni

Ta zo da kanta. Ita kaɗai, ba yaron. Ta rame. Ta gaishe ni tsaf, irin gaisuwar da ake wa maƙwabciya, ta zauna a kujerar roba kusa da ƙofa, jaka a cinya.

"Umma, na kira su. Ɗaya ga wata zan koma ofis. Za mu nemi mai raino." Na ce shagon fa? Ta ce, "Wane shago? Ɗakin ajiya ne. Yana da taga mai kyau." Ta miƙe ta ce yaron zai tashi.

To. Abin da na nema na samu. Na dafa abinci na zuba, ya huce a gabana.

Asabar, 21 ga Yuni

Na ɗauki hayar motar kaya. Doguwar kujerata ta falo, mai zaman mutum uku, sosonta ya mutu tuntuni, in ka zauna sai katako ya gaishe ka. Dama tana buƙatar gyara, ba wani abu ba. Na sa aka sauke ta a titi, daidai gaban bangon, na sallami direba na hau na zauna.

Manaja ta leƙo ta tagar, yaron a kafaɗa. "Umma, mene ne haka?" Na ce aiki na kawo, ko ba a karɓar na tsofaffi? Ta ce, "Ta ina za ta shiga?" Na ce ni baƙuwa ce, ina na sani, sai a tambayi mai gidan.

Ta saki labule.

Tun hantsi nake nan har rana ta take tsaka. Masu wucewa na kallo, wata ma ta tambaye ni ko sayarwa nake. Sai-a-hankali ya kawo mini ruwa da lema, ya ce in shigo ciki. Na ce ni da kujerata muka zo, tare za mu shiga. Da azahar na ji muryarta ta tagar tana waya da Birkila: "Ka zo da guduma. E, ni ce da bakina."

Da aka fara dukan bangon ta fito ta ɗora mini yaron a cinya, ta ce in toshe masa kunne. Ko kallona ba ta yi ba. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Goshin nan nawa ne, duk wanda ya ce ba haka ba ya faɗi son ransa.

Talata, 1 ga Yuli

Ba ta je ofis ba. Ban tambaya ba.

Kwana tara ke nan ina zuwa da safe, don dai mai rainon da suka kawo ko riƙon kan jariri ba ta iya ba. Ina ɗakin baya da shi saboda ƙura. Haƙuri ban bayar ba, ita ma ba ta nema ba. Magana tsakaninmu ba ta wuce ta yaron.

Da hantsi wata mata ta tsaya a bakin shagon tana tambayar ina mutumin da ke gyaran. Na fito na ce ba mutumin ba ne, 'yata ce, kuma in araha take nema ta ƙara gaba. Ta bar kujera biyu.

Tawa an yaye mata tsohon yadi, an sa sabon soso. Yadin da ta zaɓa ya yi haske da yawa, zai yi saurin datti. Na faɗa mata. Ƙusa uku a bakinta, ba ta ɗago ba, ta ce in koma ciki yaron na kuka.

Na koma.