Kazata Ta Faɗa Cikin Jarrabawar Mutane

Anti, don Allah ki taimake ni kafin Asabar. Murna nake yi, kuma tsoro nake ji.

Bara na gama firamare. Yayata tana da ɗan shagon buga takardu, teburinsa ɗaya ne, ko faranti ba ya samun wuri. Da ta sayi sabuwar kwamfuta sai ta bar mini tsohuwar. Allo ɗaya gare mu, kibod ɗaya, linzamin kwamfuta ɗaya. Mai gyara ya haɗa mana wani ɗan akwati mai maɓalli biyu. In an danna na ɗaya, kwamfutar Yaya ce ke fitowa. In an danna na biyu, tawa ce. Tawa fa, Anti! Ranar farko sai da na danna ya fi sau talatin, har Yaya ta ce in na lalata shi da hannuna zan biya.

Ina rubuta labarai, ba wanda ya sani. Ni ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, a gida Kurma suke ce mini. Don kada masu shigowa su karanta, sai in kashe allon in yi ta bugawa, dama yatsuna nake kallo.

Ranar Talata Yaya ta fita sallah, na zauna na kashe allo. Ashe akwatin yana kan na ɗaya, aikin da Yaya ke yi kuma a buɗe yake. Labarina na wata kaza da ta ƙi yin ƙwai sai an saya mata takalmi ya shige cikin tambayoyin jarrabawar da wata malama ta kawo, tsakanin ta bakwai da ta takwas. Yaya ta buga ba ta duba ba.

Jiya malamar ta dawo tana dariya har da hawaye. Ta ce ita ta kama abin kafin a raba wa yara, amma duk malamai sun karanta, kowa na tambaya ko kazar ta samu takalmin. Ina bayan ƙofa, kamar in tashi sama! Sai dai Yaya ta ji kunya ƙwarai. Ta ɗora wa akwatin laifi, wai yana cakuɗa mata aiki, Asabar mai gyara zai cire shi, tsohuwar kwamfutar kuma a mayar da ita kwali. In faɗa, ko in yi shiru?

Mai Maɓalli Na Biyu

*

’Yata, ni ma sai da na yi dariya. Barka, kina da baiwa.

Amma ki duba ɓangaren yayarki. Shagon nan abincinta ne, kuma amanar mutane ce a hannunta. Da takardar ta kai ga ɗalibai, da sunanta ne ya ɓaci. Akwatin bai cakuɗa komai ba, inda aka tura shi ya kai saƙo. In kika yi shiru, kin rasa kwamfutar, ita kuma ta yi ta zargin abin da bai ci ba bai sha ba.

Ki same ta yau, ku biyu kawai. In baki ya ƙi buɗewa, ki rubuta a takarda ki miƙa mata, ai rubutu ba ya ba ki kunya. Ki fara da ban haƙuri, kada ki fara da yabon malama. In ta yi faɗa ki jure, da gaskiyarta, ko da yake ita ma za ta koyi duba aiki kafin ta buga.

Sannan ki yi mata alkawari: ba za ki taɓa kibod ba sai kin ga wace kwamfuta ce a allo. Ki manna ’yar takarda mai launi a maɓallinki. In idon mutane kike gudu, ki ɗan karkata allon wajen bango, ko ki roƙi lokacin da shago ba kowa.

In ta huce, ki ƙarasa labarin, ki ba ta ta kai wa malamar. Allah ya yi miki albarka, ya sa hannun nan ya yi nisa. Ki kunna allonki, ’yata, kuma ki aiko mini, ina so in san lambar takalmin kazar nan.

Anti