Ƙodar Ɗan Fari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni ne Dabo ɗan Malam Hafizu, tsohon malamin firamare, mazaunin Daura kusa da Kusugu. Ina rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, babu wanda ya sa ni. Da gangan na zaɓi ranar Talata, domin jiya Litinin aka yi mini wankin ƙoda, kuma washegarin wanki ne kaina yake zama garau. Kada wani ya zo daga baya ya ce dattin jini ne ya hau wa tsoho kai. Shekara biyu da wata huɗu ke nan na'ura take yi mini aikin da ƙodojina suka ajiye, kuma makon jiya likita ya gaya mini a fili cewa zuciyata ta gaji da wannan zirga-zirga. Na gode masa da bai yi mini kwana-kwana ba.

Takardar nan taku ce, ke Firdausi da kai Anwar, da kuma yayanku. Za ku lura ban rubuta sunansa ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Na ɗaya. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, manzonsa ne. Idan na cika a asibiti a Katsina, ku dawo da ni Daura, a binne ni kusa da iyayena. Kada a tsaya jiran kowa. Mai wankana ya lallaɓa hannuna na hagu, inda aka haɗa jijiyar wanki. Shekara biyu ina hana a ɗaura masa ko agogo, ban ga dalilin da za a murɗe shi ranar ƙarshe ba.

Na biyu. Gidan nan, da gonar hanyar Zango wadda ta rage bayan jinya ta cinye ɗayar, da shanun da ke wurin kiwo, a raba su yadda Allah ya tsara, gaban malami. A fitar wa mahaifiyarku tumuninta, saura naku ne ku uku. Na ce ku uku. Anwar, na ji abin da ka faɗa a zaure ranar sallah, cewa wanda ya kai ƙodarsa Mai'adua ya je ya nemi gadonsa a can. Ban tsawata maka ba a lokacin, domin maganar ta yi mini daɗi. Yau ina tsawata maka. Yayanku ɗana ne na cikina, rabonsa daidai da naka, ko taku ɗaya na ƙasa kada a rage masa.

Dole in gaya muku yadda aka yi, domin rabin labarin kawai kuka sani, kuma daga bakina kuka ji shi, ni kuwa ba adali ba ne a wannan magana.

Da aka yaye yayanku, yayana Sabiru yana shekara bakwai da aure babu haihuwa. Mahaifinmu ya ce a kai masa yaron, aka kai. Ban hana ba, domin ɗan fari ne, kuma a gidanmu uba ba ya nuna ya san da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi a gabanka sai dai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka muka taso muka gani, kuma ni na riƙe wannan kunya fiye da kowa, har ina alfahari da ita. Yaro ya girma a Mai'adua yana ce wa Sabiru Baba, ni kuma yana ce mini Malam, kamar yadda 'yan ajina suke ce mini. A takardun makarantarsa sunan Sabiru ne a bayan nasa. Duk wannan bai taɓa damuna ba, ko kuma dai ina jin bai dame ni ba.

Shekara huɗu da suka wuce hawan jinin gidanmu ya kashe wa Sabiru ƙoda. Bai yi wata biyar a kan na'ura ba yayanku ya je aka gwada shi, aka ce ya dace. Bai shawarce ni ba. Kafin a yi dashen a Kano, likitoci suka ce sai sun zauna da dangi sun tabbatar ba sayen ƙodar aka yi ba, sai aka kira ni. Muna zaune su uku a bayan tebur, yayanku yana gefe, wata likita ta dube ni ta tambaye ni mene ne tsakanina da wannan saurayi. Kalma ɗaya ake nema a bakina. Na buɗe baki kunya ta riƙe ni, sai na ji kaina ina cewa ɗan yayana ne. Aka rubuta. Na ga yaron ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ranar na sake ba da shi karo na biyu, kuma wannan karon babu mahaifin da ya umarce ni.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ƙafafuna suka fara kumbura, fitsarina yana kumfa, abinci yana yi mini ɗanɗanon ƙarfe. Ciwon da ya kama Sabiru shi ya kama ni. Sai dai ƙodar ɗan da ya fito daga jikina tana can cikin Sabiru tana masa aiki.

Na uku. Wannan tsakanina da baffanku Sabiru ne, amma a karanta a gabanku. Yaya, ina kishinka. Na faɗa da bakina don kada a ce ana zato ne. Ina kishinka tun ranar da ka sauko daga mota ka dawo daga Kano fuskarka ta washe. Ina kishin tumbin da ka ajiye. Ni leda ɗaya ta ruwa aka yanka mini daga safe zuwa safe, da ita zan sha magani, da ita zan jiƙa maƙogwaro a zafin bazarar Daura, har na koyi tsotsar ƙanƙara kamar yaro. Kai kuwa ka zo duba ni, ka buɗe randata, ka cika moɗa, ka ɗaga kai, ina kallon maƙoshinka yana hawa yana sauka har ka shanye. Ba ka yi da mugunta ba, likitanka ne ma ya ce ka yawaita sha. Amma da ka tashi ka ɗauki buta ka zaga, wallahi sai da na bi ka da harara. Ban taɓa zaton zan tsufa in yi kishin fitsarin wani ba, sai ga shi na yi.

Da azumi kana buɗe baki da dabino, ni an hana ni dabino, an hana ni ayaba, an hana ni duk abin da aka sa wa kanwa, azumin ma an ce in ajiye. Litinin da Alhamis ina kwance awa huɗu, allura biyu a hannu, ina kallon jinina yana fita ta roba yana dawowa, wani lokaci ƙafa ta ɗaure, wani lokaci jini ya sauka in ga ɗakin yana juyawa. Kai kana kasuwar Mai'adua kana cinikin raguna. A kan gadon wankin nan nake lissafa shekarun da kake ci, in ce nawa ne.

Na san ba nawa ba ne, Allah ne mai rabawa. Na kuma san kai ka goya yaron nan da kyanda ta kama shi, kai ka yi masa kaciya, kai ka yi masa aure, ni ina can bayan taro ina kunya. Wanda ya yi wahalar shi aka saka wa. Sanin hakan bai rage mini komai ba, shi ya sa nake neman gafararka. Sau uku ka zo aka ce maka ina barci, alhali idona biyu. Na bar maka moɗata babba ta kan randa, wadda rabona da cika ta tun kafin a sa mini robar wanki a wuya. Ka riƙa cika ta kana sha, kuma kada ka yi wasa da magungunan dashenka ko na yini ɗaya. Idan ka bari ƙodar nan ta lalace ban yafe ba.

Na huɗu. Firdausi, kin ce a cire taki a sa mini. Allah ya yi miki albarka. Likita ya ce zuciyata ba za ta ɗauki aikin ba, kuma ko da za ta ɗauka ba zan karɓa ba, kina da goyo. Amma laifina a nan shi ne na mai da tayinki sanda. Duk wanda ya zo gaishe ni sai na ce masa mace ta yi abin da namiji bai yi ba, kuma nakan ɗaga murya in na san yayanku yana zaure. Me zai yi? Guda ɗaya ta rage masa. Da bakina na sa kuka daina amsa gaisuwarsa, da bakina na sa kika ƙi zuwa sunan 'yarsa. Daga ranar ya daina shigowa gidan nan. Ki shirya ki je Mai'adua ki ga yarinyar, kada ki jira sai an yi zaman makokina.

Na biyar. Ciwon nan a gidanmu yake, ya kama mu biyu, kuma ina zaton shi ya tafi da kakanku, wanda aka ce sammu ne don ya kumbura. Ku riƙa auna jininku ko ba ku jin komai, ni ma ban ji komai ba sai da aiki ya gama lalacewa. Shekara goma ina sayen maganin ciwon jiki a kemis ina haɗiya bibbiyu, na jini kuwa sai kaina ya sara nake tunawa da shi. Da ƙafa ta kumbura sai na koma jiƙe-jiƙe wata huɗu, kowa ya kawo gora in karɓa. Kada ku bi hanyata. In kun ga kumfa a fitsari, ko fuska ta tasa da safe, asibiti za ku nufa. Anwar, kai da kake yini a kan babur cikin rana, ka sha ruwa, ka rage gishiri. Kuma ku sa ido a kan yayanku fiye da kanku, ku matsa masa ya riƙa zuwa gwaji. Ku kuna da biyu.

Na shida, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Watan jiya jinina ya yi ƙasa sosai, allurar ƙarin jini ba ta riƙe ba, aka ce sai an ƙara mini ledar jini, kuma sai dangi sun kawo wanda zai ba da madadinta. Anwar yana Zango ranar. Kafin a kira shi sai Sista Gladys, ma'aikaciyar jinyar da ke sa mini allura, ta ce ai ɗana ya riga ya bayar. Na ce wane ɗan. Ta ce wanda yake zama a ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofar asibiti duk Litinin da Alhamis, tun daga lokacin da aka shigar da ni har a fito da ni, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ta yi mamaki da ban sani ba. Ta ɗauko katin ta nuna mini. Sunansa ne da rubutunsa, amma a bayan sunan ba Sabiru ya sa ba. Dabo ya rubuta. A wurin dangantaka kuma ya rubuta ɗa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ko a lokacin sai da zuciyata ta ce mini Sabiru ƙoda guda, ni leda ɗaya. Haka kishi yake, bai san kunya ba. Amma na riƙe katin har Sista ta karɓe shi daga hannuna. Da aka fito da ni na hango shi a gindin bishiyar, ya miƙe tsaye, na buɗe baki zan kira shi, sai na tarar ban san yadda sunan yake fita daga bakina ba. Shekara talatin da shida ban taɓa gwadawa ba. Mota ta ja muka wuce.

Saboda haka ga umarnina. Shi zai shiga kabari ya karɓe ni. Shi ne babba a gidan nan bayana, kada a yanke wata magana ba da shi ba. Kada kowa ya hana shi ce wa Sabiru Baba, ya cancanta. Mahaifiyarku ma kunyar nan ta ɗaure ta kamar yadda ta ɗaure ni, ku gaya mata na ce ta kwance, tun tana da sauran lokaci. Ku kuma in Allah ya ba ku 'ya'ya, ku ji kunyar duk abin da kuka ga dama, amma in an tambaye ku a gaban ɗanku wane ne shi, ku faɗa.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare muku lafiyarku, ya sa ku gama da duniya lafiya. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe baffanku, kada hanyar Daura zuwa Mai'adua ta mutu a tsakaninku.

Anwar, kada ka ajiye takardar nan sai bayan raina. Jibi Alhamis, in kun shigar da ni an sa mini allura, ka fita bakin ƙofa ka miƙa masa ita a gindin bishiyar. In ya karanta ya ga zai iya, ya shigo, akwai kujera kusa da gadona, kuma awa huɗu gare ni babu inda za ni. In bakina ya sake ƙi, to ga shi hannuna ya rubuta.

Nu'uman, ɗana ne kai. Ka yafe mini.

Mahaifinku,
Dabo Hafizu, Daura.